Hayar gida da jirgin ruwa mai tafiya da iska a Lamu: abin da na gani, da abin da ake tambaya tun daga Katsina

Lamu tsibiri ne a gaɓar tekun Kenya. Daga Katsina babu jirgin sama da zai sauke mutum a can kai tsaye, tafiya ce zango-zango. Mun bi mota zuwa Kano, muka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Addis Ababa, daga can Nairobi. Mai son bi ta Legas kuma akwai jirgin Kenya Airways da ke zuwa Nairobi ba tare da yada zango ba. Katin allurar shawara wajibi ne ga wanda ya fito daga Najeriya, kuma sai allurar ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, saboda haka ba a barinta sai ana jibi tafiya. A Nairobi ake komawa ƙaramin jirgi, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Waɗannan ƙananan jirage kilo 15 zuwa 20 suke yarje wa fasinja, gwargwadon kamfani, kuma sun fi son jaka mai laushi a kan akwati. Wanda ya san yadda iyayenmu mata ke haɗa kayan tafiya ya san a nan ake fara ciniki. Yaji, kuka da daddawa sun samu shiga, sauran kuwa a gida muka baro su.

Filin jirgin Lamu ba a tsibirin Lamu yake ba, yana tsibirin Manda da ke tsallake. Ana fitowa a taka 'yan mintuna zuwa gadar da jiragen ruwa ke tsayawa, sai ruwa. Tsohon garin Lamu yana can gaba ana hangensa, ƙetarawar kamar minti goma ce. Shela, ƙauyen da muka kama gida, yana kudu da garin da kilomita uku, kusan minti ashirin a jirgi mai inji. Tun 2001 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Lungunansa ba sa ɗaukar mota. Jaki ne ke kai yashi, bulo, buhun shinkafa da tukunyar gas, sai 'yan babura da suka fara yawa a bakin ruwa. Wannan shi ya sa jirgi a can ba kayan ado ba ne. Kasuwa, asibiti, filin jirgi, ziyara, duk ta ruwa ake zuwa ko a ƙafa.

Gidajen haya na Shela galibi ɗungurungum ake bayar da su, da ma'aikatansu: kuku, mai shara da wanki, da mai kula da gida wanda shi ne idon mai shi. Masu gidajen da yawa ba sa zaune a garin, wasu Turawa ne, wasu mutanen Nairobi ko Mombasa. A tallar za ka ga an rubuta cewa gidan yana da jirginsa. Wannan jimla guda ita ce inda rigima ke ɓuya, don na tarar da ma'ana uku a ƙarƙashinta. Akwai gidan da jirgin na mai gida ne, matuƙansa suna kan albashi, yana daure a gaban gida yana jiranka, kai dai ka sayi mai. Akwai wanda jirgin na mai gidan ne amma fita ɗaya ko biyu kawai aka sa cikin kuɗin, misali ɗauko ku daga filin jirgi da yawon faɗuwar rana, sauran duk da farashinsa. Na uku kuma gidan ba shi da ko igiya, wani matuƙi ne a unguwar suke kira idan baƙi sun zo, da la'adar mai kira a kai. Duka ukun halas ne. Matsalar ita ce ka biya kuɗin na farko ka tarar da na uku.

Saboda haka kafin a tura kafin alƙalami, mu rabin kuɗin aka nema, sai da na sa aka rubuto amsoshi a saƙo, ba a baki ba. Jirgin na waye, kuma ana ba wasu baƙi hayarsa a kwanakin da muke gidan? Awa nawa a rana, daga yaushe zuwa yaushe? Wa ke sayen fetur, wa ke ciyar da matuƙa idan an wuni a waje? Har ina aka yarda ya kai? Mutum nawa takardarsa ta ce ya ɗauka, rigunan ceto nawa ne, akwai na yara? Idan inji ya lalace ko aka ja jirgin tudu don gyara, za a kawo wani ko za a rage kuɗi? Sannan na nemi mai kula da gidan ya kira ni ta bidiyo, ya taka daga ƙofar gida har inda jirgin yake, ya shiga ciki ya ɗaga rigunan ɗaya bayan ɗaya. Wanda gidan da jirgin suke hannunsa da gaske ba ya jin nauyin wannan. Wanda ya fara kawo uzurin rashin sabis, a bar shi. A kuma duba sunan da ke kan asusun da za a tura kuɗin, ya dace da sunan da ke kan yarjejeniya.

Game da gidan kansa ba zan tsawaita ba. Ginin dutsen murjani ne da farar ƙasa, hawa uku, da rumfar ganyen kwakwa a saman bene inda iska ke kaɗawa dare da rana, a nan kowa ke ƙarewa. Matakalar tana da tsayi da ƙunci, don haka mai tafiya da dattijo ya tabbatar akwai ɗaki da banɗaki a ƙasa. Hajiya, dattijuwar da muka tafi da ita, ba ta hau sama ba sai da dalili. Ruwan famfo daga rijiyoyin tudun yashin Shela yake fitowa, ya ishi wanka da wanki, na sha kuwa na gora ake saye. A wasu gidajen tsallake, a Manda, ruwan zartsi ne ko kuma a jarka ake kawo shi, a tambaya. Soket irin namu ne mai ƙafa uku. Cefane kuɗin baƙo ne: ana ba kuku kuɗi, yana rubutawa a littafi, ana lissafi da yamma. Masunta na kawo kifi har ƙofa da safe, a auna a kilo. Shinkafa da madarar kwakwa da gasasshen kifi su ne abincin kullum, kuma kukun ya koyi miyar kuka a zama ɗaya, ko da yake da garin masararsu aka tuƙa tuwon.

Jirgin shi ne abin kallo. Irin wanda suke kira mashua ne, na katako, bai kai mita 10 ba, gindinsa a yanke, gabansa da tsini. Manyan na dakon kaya su ne jahazi. A tsakiya akwai gungumen itace guda a tsaye, ya ɗan karkata gaba. A kansa ake ɗaga wata doguwar sanda da ta kusa tsawon jirgin, sau da yawa itace biyu ko uku ne aka haɗa aka naɗe da igiya, a jikinta kuma aka ɗaure ƙyallen iska mai kusurwa uku, na auduga mai kauri, wanda suke kira tanga. A baya akwai allon juya jirgi da sandar riƙonsa, gefensa an rataye ƙaramin inji. A ƙasan katakon da ake takawa an jera buhunan yashi don nauyi, su ke hana jirgin kifewa idan iska ta cika ƙyallen. Matuƙa uku ne: nahoda, wato shugaban jirgi, da yara biyu masu jan igiya. Ba wanda zai ba ka irin wannan jirgi ka tuƙa da kanka. A Girka ko Kuroshiya ana ba mutum jirgi shi kaɗai idan ya nuna lasisin tuƙi ya ajiye kuɗin jingina. A Lamu jirgi da nahodansa suke tafe, kuma hakan ya fi wa kowa alheri.

Ranar farko, kafin a ɗauki kowa, na shiga na duba shi da rana tsaka. Ga abin da ake dubawa. A ɗaga katakon ƙasa a ga yawan ruwan da ya taru. Jirgin katako ba ya rasa ɗan ruwa, don tsakanin allunan auduga ce aka cusa da mai, kuma kullum da safe yaro na kwashewa da yankakkiyar jarka. Abin tsoro shi ne a kwashe, a dawo bayan awa ɗaya a tarar ya koma yadda yake. A bi igiyar da ke ɗaga sandar ƙyalle da hannu, musamman inda take gogar katako a saman gungumen. Idan ta yi gashi ko ta sirance a nan, wata rana sandar za ta faɗo, kuma a kan mutane take faɗowa. A duba inda aka haɗa sandar, ko naɗin ya saki. A duba ƙyallen: faci ba laifi ba ne, amma baƙin tabon ruɓa a bakin ɗinki yana nufin zai yage ranar da iska ta yi ƙarfi. A duba anka da tsawon igiyarta, don ana sakin igiya kamar ninki biyar na zurfin ruwa kafin ta kama ƙasa da kyau. Rigunan ceto kuwa a cikin ƙuryar gaba ake cusa su, inda laima ke cin zare. A fito da su, a ja maɗaurin kowace. Ta yaro a sa masa, a ɗaure, a kama kafaɗun rigar a ɗaga: idan ta haura kunnuwansa ta yi masa yawa, a cikin ruwa zai zame ta ƙasa. Hukumar sufurin ruwa ta Kenya, KMA, ita ke yi wa jirage rajista tana ba matuƙa takarda, kuma nahodan kirki ba ya ɓata rai don an ce ya nuna tasa.

Injin ƙarami ne mai ƙarfin doki 15, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Ma'aunin da aka saba shi ne kashi 1 na mai cikin 50 na fetur, wato rabin lita a tankin lita 25. Idan an rage mai inji ya ƙone, idan an zuba da yawa fulogi ya yi baƙi ya ƙi tashi. Idan aka buɗe masa wuta duka yana shan lita biyar zuwa bakwai a awa, a rabin wuta kuwa ƙasa da haka sosai. Da wannan lissafin mutum zai gane ko kuɗin man da ake karɓa a wurinsa ya yi daidai da tafiyar da aka yi. Hanya mafi sauƙi ita ce a cika tanki a gabanka ranar farko, a riƙa cikawa a gabanka. Da an tayar da inji a leƙa bayansa: akwai siririn ruwa da yake tsartowa, alamar famfon sanyaya shi na aiki. In ya tsaya, leda ko ciyawar teku ta toshe mashigar, a kashe nan take a cire. Fulogi na ajiya, igiyar tayarwa ta ajiya, da ɗan ƙarfen da ke riƙe farfela wanda ke karyewa idan ta bugi dutse, ukun nan su ke raba jinkirin minti goma da kwana a kan ruwa.

Sai babban abin da ɗan Katsina bai saba da shi ba. Ruwan da muka sani, na dam ɗin Jibiya ko Zobe ko Ajiwa, da damina yake cika, da rani ya ja baya. Na teku sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa a kwana ɗaya, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50. Wata ne ke jan sa. A farkon watan Musulunci da tsakiyarsa, wajen 14 zuwa 16, bambancin cika da janyewa yakan haura mita uku. Wajen 7 ga wata da 22 kuwa da kyar yake wuce mita ɗaya. Wanda ke riƙe da lissafin wata ya riga ya samu rabin ilimin. A wannan gaɓar, kwanakin babban ruwa, cikar takan zo wajen asuba da wajen la'asar, janyewar kuma da hantsi. Kuma ba a hankali ɗaya yake tafiya ba. In aka raba shi kashi 12, awa ta farko kashi 1 ke shigowa, ta biyu 2, ta uku da ta huɗu uku-uku, sannan 2, sannan 1. Rabin ruwan ke nan a cikin awa biyun tsakiya, kuma a lokacin ne mashigin da ke tsakanin Shela da Manda yake gudu kamar an buɗe masa ƙofa. Kada a bar yaro ya yi wanka a bakin mashigin a wannan lokaci, ko da ya iya ruwa.

Yayana, wanda shi ya biya kaso mafi tsoka na kuɗin gidan, ya sauko da hantsi ya ce a shirya a tafi Takwa. Nahoda ya ce sai bayan azahar. Yaya ya juyo gare ni: "Kai malam, wai jirgin nan mun kama shi ko ba mu kama ba?" Na ce, "Yaya, leƙa ka ga inda yake." Jirgin yana kwance a gefensa a kan laka, ruwa ya yi nisa da shi taku talatin.

Takwa kangon wani tsohon garin Sawahili ne a tsibirin Manda, wanda mutanensa suka tashi a ƙarni na 17, galibi ana danganta tashin da ruwan rijiyoyinsu da ya koma gishiri, suka ƙaura Shela. Hanyarsa ta cikin wani siririn rafi ce da ke ratsa dajin itatuwan bakin teku da suke kira mikoko, masu saiwoyi a waje. Rafin nan idan ruwa ya janye laka ce zalla. Ƙa'idar shigarsa guda ce: a shiga ruwa yana kan cikowa, kamar awa ɗaya da rabi kafin ya kai ƙarshe, a fito kafin ya juya sosai. Dalili kuwa, in jirgi ya dafe a ƙasa ruwa na ƙaruwa, minti kaɗan zai ɗaga shi. In ya dafe ruwa na raguwa, sai wata cikar, cikin duhu da sauro. A bakin rafin aka sauke ƙyalle aka tayar da inji a hankali, can ciki kuma aka ɗaga inji aka koma tura jirgi da gora, yaro ɗaya a gaba yana soka gorar yana faɗin zurfi. A kangon akwai masallacin Juma'a da mihrabinsa a tsaye, da wani kabari mai dogon ginshiƙi, da manyan itatuwan kuka ko'ina. Hukumar gidajen tarihi ta Kenya ke kula da wurin, ana biyan kuɗin shiga. Awa ɗaya ta isa, kuma idan nahoda ya aiko yaro ya ce a taho, a taho.

Iska ma da nata kalandar. Daga wajen Disamba zuwa Maris tana busowa daga arewa maso gabas, suna kiranta kaskazi: teku a kwance, ruwa garau, zafi sosai. Daga wajen Mayu zuwa Satumba ko Oktoba ta juya daga kudu, kusi ke nan: ta fi ƙarfi, ruwa ya yi duhu, igiyar ruwa ta yi girma a waje. Afrilu zuwa Yuni damina ce, wasu gidajen ma rufewa suke a ja jirage tudu a yi musu gyara. Waɗannan iskoki biyu su suka riƙa kai jiragen fatake Oman da Indiya suna dawo da su shekaru aru-aru. Mai son jirgi don yawo da iyali ya nufi lokacin kaskazi. A cikin yini kuma safiya takan zo da iska kaɗan, sai rana ta ɗaga take tashi, don haka fitar sassafe yawanci da inji ce, dawowar yamma ce ake more ƙyalle.

Juya irin wannan jirgi aiki ne da ya kamata fasinja ya gane tun kafin a fara. Ba ya juyawa ta fuskar iska yadda jiragen Turawa ke yi. Nahoda na kautar da kai ya ba iska baya, a saki igiyar gindin ƙyalle, yaro ya rungumi ƙasan doguwar sandar ya miƙar da ita tsaye, ya zagaya da ita ta gaban gungumen zuwa ɗaya gefen, ƙyallen na kaɗawa a gaba da ƙara kamar zai tsage, sannan a kamo igiyar a ɗaure. Cikin daƙiƙun nan igiya na bulala a tsakar jirgi. Kowa ya zauna ƙasa, hannu a cikin jirgi, kada a taka igiyar da ke naɗe, a tattare bakin hijabi da babbar riga. Da an gama sai a ce kowa ya koma gefen da iska ke fitowa, wani lokaci har da buhunan yashi ake ja. Idan iska ta yi yawa ba a rage ƙyallen da sauƙi, sauke shi ake yi a koma inji. Nahodan da ya sauke ƙyalle ba tsoro ya ji ba, kuma baƙon da ya matsa masa don ya biya kuɗi shi ne haɗarin jirgin.

Wuni guda mun tafi Manda Toto, ƙaramin tsibiri a bayan Manda inda ake leƙa kifi da murjani da gilashin ido. Hanyar ta mashigin Mkanda take, wanda shi ma da cikar ruwa ake binsa, daga nan a fito fili inda ake hango sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lamu da aka buɗe a 2021. Irin wannan fita tana son shiri. Ruwan sha lita uku ga kowane mutum, har da matuƙa. Rumfar inuwa a tabbatar an ɗauko ta, don rana a kan ruwa ta sama da ta ƙasa take duka. Takalmin roba mai rufe yatsu, saboda kaifin murjani da wata halitta mai ƙayoyi da ke kwance a ƙasa. Waya da fasfo a leda mai zif. Mai saurin jiri ya sha maganinsa awa ɗaya kafin a tashi, ya san yana sa barci, ya zauna tsakiya yana kallon nesa, in amai ya zo ya juya gefen da iska ke tafiya. Abin da ba a faɗa a talla shi ne ƙananan jiragen nan ba su da banɗaki. Mai tafiya da mata ya yi wannan magana da nahoda tun a gida, a tsara inda za a tsaya. Hawa da sauka ma haka: in ruwa ya janye sai an taka cikinsa har gwiwa, don haka mata su sa wando a ƙarƙashi, dattijai kuma a daidaita fitarsu da cikar ruwa, lokacin da jirgi ke iya matsowa jikin matakala. Alwala da ruwan teku ta halatta, hadisin yana cikin Muwaɗɗa, sai dai a ajiye ruwan daɗi na kurkure baki. Abincin rana matuƙa ne suka yi: kifin da aka kama a hanya, a kan gawayi cikin wani kaskon ƙarfe a gindin jirgi.

Abu biyu na rikita baƙo a tudu. Na farko alƙibla. Makka tana arewa da Lamu kusan sak, don haka wanda jikinsa ya saba fuskantar gabas ya tambayi masu gida kafin ya shimfiɗa darduma. Mutanen Shafi'awa ne, za ka ji ana bayyana bisimilla, ana ƙunutin asuba a bayyane bayan ruku'u. Masallacin Juma'ar Shela mai hasumiya kamar tulu a kife yana nan tun 1829, a cikin gari kuma akwai masallacin Riyadha na Habib Swaleh, inda ake babban Mauludi a ƙarshen Rabi'ul Awwal, da tseren jirage da na jakuna. Lokacin Mauludi da hutun ƙarshen Disamba gidaje na tsada kuma suna ƙarewa da wuri, jiragen ma wasu na tafiya tsere, a tambaya ko naka na ciki. Na biyu agogo. Kenya na gaban Najeriya da awa biyu, wannan mai sauƙi ne. Amma a harshensu daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe bakwai na safe ita ce awa ta ɗaya. In nahoda ya ce a fito awa biyu, takwas yake nufi. Awa goma ta yamma ita ce ƙarfe huɗu. Duk alƙawarin lokaci a nuna shi a fuskar waya, kowa ya gani.

Maganar tsaro ba sai an yi wa mutumin Katsina dogon bayani ba. Tsibirin Lamu da Shela lafiya lau muka same su, ana yawo har dare. Amma yankin na iyaka da Somaliya, hanyar mota ta tudu ta sha fama da hare-haren al-Shabab, kuma a 2011 an sace baƙi Turawa a Kiwayu da Manda. Shi ya sa ake shiga ta sama, shi ya sa kuma tafiya mai nisa zuwa arewa, irin ta kwana a Kiwayu, ba a yanke ta daga Katsina. Sai an zo an ji ta bakin mai gida da nahoda a makon da ake ciki. Kowace fita a bar wa mai kula da gida inda aka nufa da lokacin dawowa, a riƙe layin waya na kamfanin Safaricom mai kuɗi a ciki, a kuma dawo kafin duhu in ba cikin mashigin gaban gari ake ba.

Ranar tashi ake rufe lissafi. Tunda nahoda ke riƙe da jirgi, ɓarnar jikinsa, ko ƙyalle ko inji, ta mai shi ce, kuma haka muka sa aka rubuta tun farko. Abin da ke kan baƙo shi ne abin da ya ɓatar da hannunsa, gilashin leƙa ruwa, matashi, tawul. A zauna da littafin kuku da rasiɗan mai a daren ƙarshe, ba da safe ana gaggawa ba. Ihisanin ma'aikata a ba kowa nasa a hannunsa, da kuɗin ƙasar ko ta M-Pesa, wato hanyarsu ta tura kuɗi ta waya, kada a manta yaran jirgi biyu, su suka fi kowa shan wahala kuma su ake mantawa. Zuwa filin jirgi kuma ba a dogara da iska. A duba jadawalin ruwa na ranar tun jajibiri. In tashin ya faɗo kan janyewa, a kwana da jirgin a can cikin ruwa mai zurfi ko a kira ƙaramin mai gudu, a sa jakunkuna a leda saboda feshi, a bar Shela awa biyu kafin lokacin jirgin sama.